Raƙumin Tagulla da Fatawar Kawu

A lokacin da na taso, jirgin ƙasa bai san hanyar Daura ba, kuma a gidanmu ni kaɗai wannan abu ya dama. Na ga hotonsa ne a wani tsohon littafin tarihi a ɗakin karatun makarantarmu: baƙin kan jirgi irin na zamanin Turawa, da bututu a sama yana tuttuɗo hayaƙi. A ƙarƙashin hoton an yi bayani cewa ruwa ake tafasawa a cikinsa, tururin ya tura ƙafafun. Na karanta, na sake karantawa, sai na ji kamar an cuce mu. Ruwa da wuta? Ai kullum Inna tana haɗa su a tsakar gida. Ranar da take dambu har liƙe bakin madambaci take yi da tsumma don kada tururi ya tsere, amma duk da haka sai ya nemi kafa ya fito yana huci. Wato shekara da shekaru ƙarfin da ke jan jirgi yana nan a murhun iyayenmu, mu kuwa ba mu yi komai da shi ba sai abinci.

Daga nan tunanin ya kama ni. Da a ce maƙeran Daura ne suka fara gano wannan sirri, tun kafin Bature ya sako ƙafa ƙasar Hausa, da yaya garin zai kasance? Na sayi littattafan rubutu na 'yan makaranta na fara gina Daurar da ba a taɓa yi ba. Na kafa inji a bakin Kusugu yana ɗebo ruwa ba guga ba igiya. Na ba masaƙa kekunan da tururi ke juyawa. Na ɗinka manyan salkunan fata, na cika su da iska mai zafi, na sa fatake a ƙarƙashinsu suna shawagi zuwa Damagaram. Duk wannan ado ne kawai. Zuciyar littafin wani raƙumi ne na tagulla.

Ina karatun gaba da sakandare a lokacin, kuma ina cikin ɗaliban da malami kan gama zango bai san muryarsu ba. In aka yi tambaya a aji na san amsar, sai in faɗa wa na kusa da ni a hankali, shi ya ɗaga hannu. Amma a kan takarda ba ni da tsoro ko kaɗan. Raƙumin nan na ƙera shi gaɓa-gaɓa da alƙalami. Tozonsa shi ne tukunyar ruwa, cikinsa murhun gawayi, gwiwoyinsa suna da wuraren ɗiga man gyaɗa. Idanunsa na gilashi ne ja, kuma in ya gaji tururi kan fita ta hancinsa. Ranar kasuwa nakan je kara in tsaya daga nesa ina kallon yadda raƙuma ke durƙusawa, wace ƙafa ce ke fara lanƙwashewa. Daga nesa, domin in na matsa kusa dillalai za su tambaye ni abin da nake so, ni kuwa ban shirya wannan amsar ba.

A labarin, raƙumin yana jan ayarin gishiri ne daga arewa. Mutanen ayarin ban damu da su ba, sunaye kawai na ba su da rawuna. Raƙumin ke yin komai. Shi ke gano rijiya, shi ke jin ƙanshin mahara, shi ke komawa baya ya ɗauko wanda ya faɗi.

Ina tsakiyar wannan aiki aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu. Garin ya ɗauki wani irin ɗoki. Kowa ya shiga bincikar rayuwarsa da ta maƙwabcinsa, musamman ta maƙwabcin. A shagon telan unguwarmu kaset ɗin wa'azi ya maye gurbin na waƙa, kuma wata rana ina jiran a rage mini tsawon wando na ji ana magana a kan siffanta abu mai rai. Mai wa'azin ya ce duk wanda ya yi surar abin da ke da rai, ranar lahira za a ce ya busa masa rai, kuma ba zai iya ba. Da na koma gida na tarar Inna ta sauke hoton marigayi Baba daga bango, ta naɗe shi a zane ta sa ƙasan akwati. Ba ta san abin da nake rubutawa ba. Ta ga dai ina yawan rubutu, ta ɗauka karatu ne, har takan hana a aike ni.

Na shiga ɗaki na zauna gaban raƙumina. Ban zana shi ba, don ban iya zane ba. Amma na siffanta shi tun daga gashin ido har kofato, siffantawar da ko mai zane bai kai ta ba. Na hango kaina a filin alƙiyama, an kawo shi gabana yana ƙyalli, an ce bisimilla. Ni da ko amsa gaisuwa da ƙarfi ke ba ni wuya.

Na yanke shawara cewa zan tambayi Kawu, yayan Inna, wanda ke ba da karatun littattafai a zaurensa bayan la'asar. In ya ce haramun ne, zan kai littattafan murhun Inna in cusa, magana ta ƙare. Ban faɗi wannan don burga ba. Da gaske na yi niyya, kuma tun daga ranar abinci ya daina yi mini daɗi.

Tambayar na tsara ta tsaf. Ga yadda take: Allah gafarta Malam, mene ne hukuncin wanda ya ƙirƙiri raƙumi na tagulla a cikin ƙagaggen labari, da rubutu kawai ba da zane ba? Na haddace ta. Na maimaita ta a wanka, na maimaita ta a hanya. Abin da ban tsara ba shi ne zaure zai cika.

Na tarar an gama karatu amma ba a watse ba. Akwai ɗaliban Kawu, magidanta masu iyali, akwai kuma Baba Alhaji, wani dillalin dabbobi daga garin Babban Mutum, abokin marigayi kakana, wanda saboda wannan abota ya ɗauke ni abokin wasansa tun ina rarrafe. Muryarsa irin ta mutanen kara ce, ko raɗa zai yi sai an ji a bakin titi.

"A'a! Ga kurman gidan nan," in ji shi. "Yau me ya fito da kai? Ko an yi gobara ne?"

Na cire takalmi na durƙusa na gaishe su. Kawu ya ɗago daga kan buzunsa ya ce, "Lafiya dai? Innarka ce ta aiko?"

"A'a, Kawu. Tambaya ce da ni."

"Tambaya!" Baba Alhaji ya tafa hannu. "Ku yi shiru jama'a. Wannan abu ba kullum ake gani ba."

Aka yi shirun kuwa. Idanu suka taru a kaina. Na buɗe baki, tambayar da na yi wa ado ta fito da rabin kayanta a hanya.

"Allah gafarta Malam... hukuncin wanda ya ƙera raƙumi. Na tagulla."

Ƙirƙira na shirya, ƙera ta fito. Sauran maganar, da ƙagaggen labarin da rubutun, duk suka maƙale a maƙogwaro. Na ji su a wurin, na yi ta ƙoƙarin turo su, suka ƙi.

Kawu ya cire tabarau. "Wa ya ƙera?"

"Ni ne."

"Kai?"

"E, Kawu."

"Ƙarami ne, irin na wasan yara?"

Abin da ya kamata in ce a nan a fili yake. Amma an yi mini tambaya a kan girma, ni kuwa mutum ne mai son amsa abin da aka tambaye shi daidai. Na ce, "Ya ɗan fi amale tsayi."

Wani daga cikin ɗaliban ya ce, "Ikon Allah!"

"Yana tafiya?" in ji Baba Alhaji.

"Yana tafiya."

"Me yake ci?"

"Gawayi. Da ruwa."

"Gawayi! Kun ji ko? Mu muna can muna fama da harawa da dusa, ashe jikana ya gama da matsalar. Kai, munafukin Allah, shi ya sa ba ka magana. A ina ka ɓoye shi?"

"Yana ɗaki."

"Ɗakin naka? Wannan da ko akuya sai ta sunkuya?"

Zaure ya ɗauki dariya da muhawara gaba ɗaya. Wani ya tambaya ko zakka ta hau kansa in sun kai nisabi. Wani ya ce ai wannan ba dabba ba ce, kayan aiki ne kamar garma. Baba Alhaji ya ce shi dai a gaya masa ko ya halatta a yi layya da shi, kuma in ya halatta wa zai kawo wuƙar. Ni ina durƙushe, kowace amsa da na bayar gaskiya ce, kuma kowace tana ƙara nitsar da ni.

Kawu bai yi dariya ba. Mutum ne mai ɗaukar tambaya da nauyinta. Ya ɗaga hannu aka yi tsit.

"Yana da kai? Da idanu, da baki?"

"Yana da su."

"To ka ji. Amfanin da za a yi da shi ba laifi ba ne, abin hawa ne. Matsalar surar ce. Malamai sun ce sura a kai take. In aka cire kai, abin da ya rage hukuncinsa kamar na itace ne. Ka je ka cire masa kai, ka ci gaba da aikinka. Allah Ya yi albarka."

Na ce amin, na yi godiya, na sa takalmi a hagunce na fita.

A hanya na lissafa abin da ya faru. An ba ni fatawa a kan tambayar da ba ita na zo da ita ba. Mai hankali zai koma washegari, lokacin da ba kowa, ya gyara magana. Ni sai na ga cewa ai fatawar ta fi wadda nake tsoro sauƙi: ba a ce in ƙone ba, an ce in sare. Kuma komawa na nufin sake durƙusawa in ce jiya na yi shirme. Na gwammace in sare.

Na ɗauki jan biro na fara daga shafin farko. Idanun gilashi suka tafi. Hancin da ke fitar da tururi ya tafi. Kunnuwa, leɓe, haƙoran ƙarfe da na ɓata mako guda ina jera su, duk na bi na soke. Akwai wurin da raƙumin ya sunkuyar da kai ya shinshini wani ɗan fatake da ƙishirwa ta kayar, wanda a ganina ba a taɓa rubuta abu mai ban tausayi kamarsa da Hausa ba. Na soke shi. Wuyan da ya rage tsaye ba komai a samansa na mayar da shi bututun hayaƙi, tunda dama ya yi kama.

Na ɗauka na gama, sai na ci karo da wani layi: raƙumin ya tashi da kansa ya nufi rijiya.

Da kansa.

Na daɗe ina kallon kalmar. Na san sarai ba wancan kan ake nufi ba, kowane yaro ya sani. Amma jan biro yana hannuna, kuma tsantseni in ya kama mai kunya ba ya sakinsa da wuri. Wane kan ne zai tashi da shi, bayan na sare? Na duba gaba, na ga littafin cike yake da ita. Ya juyo da kansa. Ya tsaya da kansa. Ya ceci ayari da kansa. Na gwada sa "shi kaɗai" a madadinta, na ga ma'anar ba ta zauna ba. Daga baya na lura cewa ba kalmar kaɗai ke da matsala ba. Abin da ba shi da ido ba zai hango rijiya ba, abin da ba shi da hanci ba zai ji mahara ba. Raƙumina ya zama tukunya mai ƙafa huɗu. Dole wani ya hau ya tuƙa shi.

Na leƙa cikin ayarin ina neman wanda zan ba wannan aiki, na tarar ba kowa. Rawuna ne kawai a jere. Sai na ƙirƙiro wani tsohon madugu wanda ya yi rayuwarsa da raƙuman gaske, tsufa ya sa aka ɗora shi kan na tagulla, shi kuwa ya tsane shi. Yana zaginsa tun safe har yamma. Yana kiransa buta, yana kiransa marar kunya, yana ce masa ko kallon mutum ba ka iya ba. In gawayi ya ƙare sai ya zauna a inuwarsa yana ba shi labarin taguwar da ya taɓa mallaka. Ban san inda na samo muryarsa ba a lokacin. Na dai ga rubutu yana gudu yadda bai taɓa yi ba, kuma karon farko wani a littafina ya yi maganar da ta ba ni dariya.

A wannan tsakanin labari ya zaga unguwa. Mai shayi ya fara ƙara mini madara ba tare da na roƙa ba. Wani maƙeri da ban taɓa yi wa magana ba ya tare ni ya tambaye ni inda nake samun tagulla da araha. Na ce masa Allah ne ke rufa asiri, na wuce da sauri.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ina ɗaki na ji sallama a tsakar gida, na ji Inna tana shimfiɗa tabarma tana cewa, "Yaya, yau kai ne da kanka?" Sai kuma wata murya da ba ta buƙatar gabatarwa.

"Ina kurman? Ya fito mana da dabbar nan. Ni na zo da niyyar tayawa."

Inna ta ce, "Wace dabba, Baba?"

"Au, ke ma ɓoye miki ya yi? Raƙumi gare shi a ɗaki, ya fi amale."

Inna ta kira ni da muryar da rabon da in ji ta tun ina firamare. Na duba taga, na ga ba za ta fitar da ni ba. Na tattara littattafan na fito, na durƙusa gaban Kawu na ajiye su.

"Ga shi nan, Kawu."

"Ga me?"

"Raƙumin."

Kawu ya ɗauki na sama ya buɗe. Ya ga shafi ja-ja-wur da soke-soke kamar an yi yanka a kai. Ya juya wani, ya juya wani. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Labari ne?"

"Labari ne."

"Babu tagulla?"

"Babu, Kawu."

Baba Alhaji ya kwanta a tabarma yana dariya har hularsa ta faɗi. "Na gaya wa mutum uku a kara su dakata da sayen jaki! Wayyo Allah, jikan nan ya kashe ni."

Inna ba ta ga abin dariya ba. "Wato duk rubutun nan da nake hana a aike ka, tatsuniya kake yi?"

Kawu ya ce, "Bar shi tukuna. Wannan jan fa, mene ne?"

"Kan ne. Ka ce a cire."

"A takarda ka cire?"

"E. Da duk inda aka ce ya yi abu da kansa."

Na ga gemun Kawu yana rawa. Ya kau da fuska wajen bango ya yi gyaran murya, sannan ya juyo.

"Kai yaro, rubutu ba sura ba ne. In da siffanta dabba da baki ko da alƙalami laifi ne, da littattafan da nake karantarwa ba su tsira ba, ga babin zakka nan cike da raƙuma. Abin da za a duba shi ne kada ka sa batsa, kada ka yi wa addini ƙarya, kuma mai karatu ya san ƙage ne. Me ya hana ka faɗa mini tun ran nan?"

"Mutane sun yi yawa."

"Mutane sun yi yawa," Kawu ya maimaita, kamar yana duba ko akwai wannan uzuri a wani littafi. "To karanta mana mu ji abin da ya rage."

Na buɗe inda hannuna ya faɗa. Wurin da ayari ya ɓata hanya ne, madugu yana dukan bututun da sanda yana cewa da taguwarsa ce da tuni ta kai shi ruwa, kai kuwa buta, ruwan ma ni ke ba ka. Muryata ta fara ƙasa-ƙasa, amma maganar madugu ba ta karantuwa a hankali, dole na ɗaga. Inna da ta tashi za ta shiga madafa ta tsaya a bakin ƙofa.

Da na kai ƙarshen shafi Baba Alhaji ya tashi zaune ya ɗauki hularsa.

"Wannan dattijo mutumin kirki ne," in ji shi. "Sai dai ya cika surutu. A ina ka san shi?"

Kawu ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Allah Ya sani."

Sannan ya miƙo mini littafin da ke hannunsa. "Ka ji dai hukunci. Kana iya mayar wa abinka kai, da idanun da komai. Ba abin da ya hau kanka."

Abin da na yi makonni ina fata ke nan. Idanun gilashin suna nan ƙarƙashin jan biro, ana iya karanta su, kwafewa kawai zan yi. Na fara lissafin shafin da zan soma da shi.

"Tsaya," in ji Baba Alhaji. "In an mayar da kan, ya ga hanya da idonsa, shi dattijon me zai yi?"

Na yi tunani. "Ba a buƙatarsa. Sai ya sauka."

"Ya sauka ya je ina, a tsakiyar sahara? Mutum da tsufansa?"

"Ai dama babu shi a da."

"To yanzu akwai shi. Kai wane irin mugu ne? Ka ɗauko bawan Allah ka kai shi inda ba ruwa, sannan ka ce ba a buƙatarsa?" Ya juya wajen Kawu. "Malam, wannan ba ta da hukunci?"

"Wannan ba tawa ba ce," in ji Kawu yana neman takalmansa. "Tsakaninka da jikanka."

Ban mayar da kan ba. Na raka su ƙofar gida, na dawo na zauna a tabarmar da suka tashi, na buɗe sabon shafi, domin na bar madugu da guntun gawayi da rabin salka, kuma rijiya mafi kusa tana bayan tudu biyu da shi bai sani ba. Inna ta leƙo ta ce tunda dai ba karatu ba ne, in tashi in sayo mata kanwa.